Yadda Za Ka Yi Aiki da Mai Haɗa Shafin Intanet, Mabuɗai Kuma Su Zauna a Hannunka

Zaman farko tsakanin ɗan kasuwa da mai haɗa shafin intanet yakan ƙare cikin minti goma. Alhaji ya ce, "Injiniya, so nake a yi mini shafi mai kyau irin na manyan kamfanoni, nawa ne?" Injiniya ya faɗi kuɗi, a ɗan taɓa ciniki, a sallama, a tura kafin alƙalami. Bayan wata uku sai ka tarar ana cacar baki. Alhaji yana cewa ba abin da ya ce a yi ba ke nan, injiniya yana cewa har yau ba a turo masa hoto ko ɗaya ba. Idan ma shafin ya tashi, shekara na zagayowa sai ya ɓace, a nemi wanda ya yi shi a rasa, sannan a gane cewa sunan shafin da kalmomin sirrinsa duk suna wurinsa. Kusan duk wannan ana iya kauce masa tun kafin kwabo ya fita daga aljihu, domin tun ran gini ran zane.

Takarda guda kafin ka nemi kowa

Zauna ka rubuta amsar tambayoyi uku a takarda ɗaya. Wa kake so ya shigo shafin? Idan ya shigo, me kake so ya yi kafin ya fita? Bayan an gama, wa zai riƙa kula da shi kullum? Amsar ta zama ta zahiri. "Kowa da kowa" ba amsa ba ce. "Masu sarin atamfa daga Maiduguri da Yola da Maraɗi waɗanda ba sa iya zuwa Kantin Kwari duk mako, su ga sabon zane, su yi mini magana ta WhatsApp" ita ce amsa, kuma daga ita injiniya zai san abin da zai gina.

Shafukan da 'yan kasuwa ke buƙata ba sa wuce iri uku. Akwai na gabatarwa, mai fuska huɗu zuwa shida: su wane ne ku, me kuke yi, ina kuke, yaya za a same ku. Wannan ya ishi makaranta, asibiti, ofishin lauya ko kamfanin gine-gine. Akwai na baje kaya, inda kowane kaya yake da hotonsa da bayaninsa, a ƙasansa kuma maɓallin da zai buɗe hira da kai kai tsaye. Sai cikakken shago, inda mai saye zai zaɓa, ya biya da kati ko taransifa, a aika masa ba tare da kun yi magana ba.

Mutane da yawa suna tsalle su ce na ukun suke so, alhali na biyun ne ya dace da yadda ake ciniki a Kano. Mai sayar da hatsi a Dawanau ko kayan masarufi a Singa ya san farashin safe ba lallai ya kai yamma ba, kuma kuɗin buhu ɗaya daban yake da na buhu hamsin. Idan ka kafa farashi a shafi ba ka da mai sauya shi kullum, ko dai ka sayar da faɗuwa ko ka yi ta ba mutane haƙuri. Cikakken shago ya fi dacewa da kayan da farashinsu ke zama wuri ɗaya na ɗan lokaci: turaren wuta da humra a kwalba, littattafai, huluna, takalman fata, dinkakkun kaya. Ka fara da ƙarami, amma ka gaya wa injiniya tun farko cewa wata rana za ka so ƙara biyan kuɗi, domin ya kafa tushen da zai ɗauki ƙarin.

Wanda za ka ba aikin

Gani ya kori ji. Ka nemi adireshin shafuka uku da ya yi waɗanda suke aiki a yau, ba hotunansu ba. Buɗe su a wayarka, da datarka, a cikin shagonka. Idan sun daɗe suna juyi kafin su buɗe, naka ma haka zai yi. Sannan ka kira lambar da ke jikin ɗaya daga cikinsu ka tambayi mai shi abu biyu: an gama a kan lokaci? In abu ya lalace, yana ɗaga waya?

Tambaye shi da me zai gina. Yawanci za ka ji WordPress, manhajar da ta fito a 2003 wadda a yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Ga ƙaramin kasuwanci wannan zaɓi ne mai kyau, kuma babban dalili shi ne gobe: idan kun rabu da wannan injiniyan, ba za ka sha wahalar samun wani a Kano da ya iya ta ba. Idan ya ce zai rubuta maka naka daga tushe, tambaye shi wane abu kake buƙata da WordPress ba za ta iya ba. Wani lokaci akwai amsa mai ƙarfi, kamar tsarin duba sakamakon ɗalibai ko lissafin kaya tsakanin rassa da yawa. Idan babu, to ka san kana ɗaure kanka ne da mutum ɗaya, domin abin da ya rubuta shi ya fi kowa saninsa.

Suna da masauki

A nan ne aka fi cutuwa, don haka sai an tsaya.

Abu biyu ne kowane shafi yake tsaye a kansu. Na farko suna, wato adireshin da mutum zai rubuta ya same ka, wanda masu aikin ke kira domen. Na biyu masauki, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana wadda aka ajiye rubutunka da hotunanka a cikinta, wanda suke kira hostin. Duka biyun haya ne. Babu wanda yake sayen suna ya mallake shi har abada. Ana biya ne shekara-shekara, ko a biya na 'yan shekaru a dunƙule. Duk wanda ya ce maka "ka biya sau ɗaya an gama", ko dai bai yi maka bayani ba ko kuma yana nufin shi zai riƙa riƙe abin.

Sunayen da suka ƙare da .ng da .com.ng da .org.ng suna ƙarƙashin ƙungiyar NiRA, wadda ke kula da sunayen Najeriya, kuma ana yin rajistarsu ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Ana biyansu da naira. Na .com kuwa tushen farashinsa dala ne, don haka ko da naira ka biya, duk lokacin da dala ta motsa za ka gani a takardar sabuntawa, kamar yadda mutane suka gani bayan sauyin canjin kuɗi na 2023. Idan abokan cinikinka a Najeriya suke, .com.ng ya wadatar. Idan kana fitar da riɗi, zoɓo ko fata waje, .com ya fi sauƙin karɓuwa a wurin baƙi, kuma ba laifi ka riƙe duka biyun, ɗaya yana kai mutum ga ɗayan.

Zaɓi suna gajere wanda za ka iya faɗa a waya ba sai ka maimaita ba. Ka guji ƙaramin layi a tsakiya da lambobi. Haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ da ɓ ka bar su a cikin rubutu, kada ka sa su a adireshi, domin ba kowace waya ce aka saita mata su ba.

Yanzu ga ƙa'idar da ba a sassauta ta. Kai za ka buɗe asusu a kamfanin rajista, da sunanka ko sunan kamfaninka, da imel ɗinka, da lambar wayarka, kai kuma za ka biya. Idan ba ka iya ba, injiniya ya zauna kusa da kai ya nuna maka, amma yatsanka ne zai rubuta kalmar sirri. Aikin bai wuce minti ashirin ba. Dalili shi ne a idon kamfanin rajista, mai suna shi ne wanda imel ɗinsa ke cikin asusu. Idan na injiniya ne, to shi ne mai shi, ko da kai ka biya, ko da sunan mahaifinka ne a jiki. Ba sai yana da mugun nufi ba. Mutum yakan tafi hidimar ƙasa, ya sami aiki a Abuja, ya sauya layi, ko rai ya yi halinsa. Saƙon tunatarwa zai yi ta zuwa akwatin da ba mai dubawa.

Abin da ke biyo baya, a sunan .com, yana tafiya mataki-mataki. Ranar da wa'adi ya cika shafin zai daina buɗewa, imel ɗin da ke ɗauke da sunan ma ya tsaya. Akan ba da 'yan makonni a sabunta a farashin da aka saba. Bayan nan sai kwana 30 na fansa, inda kuɗin yake ninkawa sau da yawa. Daga nan sai kwana 5 a sake shi, kowa ya ga dama ya ɗauka. Akwai masu jiran irin waɗannan sunaye, su kama su sayar maka da tsada, ko su cika shafin da tallan caca, alhali adireshin yana nan a jikin allon shagonka da ledojinka da rasit ɗinka. Ka rubuta ranar sabuntawa a littafin da kake rubuta kuɗin hayar shago, ka biya wata guda kafin ta zo.

Masauki ma haka, asusun da sunanka, ka ba injiniya izinin shiga. Ƙaramin shafi ba ya buƙatar babban masauki. Irin wanda ake tarayya da wasu a kwamfuta ɗaya ya isa a farko. Abin da za ka tambaya shi ne nawa ne kuɗin sabuntawa a shekara ta biyu, domin rangwamen shekarar farko yakan ɓoye ainihin farashin. Ka tabbata kuma akwai takardar tsaro ta SSL, wadda ke sa adireshi ya fara da https. Tun 2018 burauzar Chrome take nuna gargaɗin rashin tsaro a kan shafin da ba shi da ita, kuma ba mai sa lambar katinsa a irin wannan wuri. Akwai ta kyauta daga Let's Encrypt, wadda take sabunta kanta idan an saita ta daidai. Ƙaramin shafi ba shi da dalilin biyan kuɗi mai yawa a kanta.

A rubuta, a sa hannu

Ko ɗan yayarka ne zai yi aikin, a rubuta. Fuska biyu ta takarda ta isa, da shaida ɗaya ko biyu. A lissafa fuskokin shafin ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. A faɗi kaya nawa injiniya zai ɗora da hannunsa, misali 50 na farko, sauran kai ko yaronka. A faɗi sau nawa za ka iya cewa a sauya fasali ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sau biyu adalci ne ga kowa. A rubuta ranar da za ka kawo hotuna da rubutu, a kuma rubuta cewa kwanakin injiniya daga ranar suke fara ƙirguwa. Idan kayan aiki sun cika, shafin gabatarwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, cikakken shago kuwa wata ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi.

Kuɗi a raba shi uku. Kashi 40 kafin alƙalami, kashi 30 idan ya nuna maka fasalin ka amince, kashi 30 na ƙarshe ranar da ya miƙa komai. Kada ka biya duka a farko, kai ma kuma kada ka riƙe masa ciko bayan ya cika alkawari. Mutumin da aka ja wa rai a kan haƙƙinsa ba zai ɗaga wayarka ranar da shafi ya faɗi ba. A ware kuɗin aiki daban da kuɗin da za ka riƙa biya duk shekara, kowanne a layinsa.

Akwai tambaya ɗaya da 'yan kaɗan ke yi. Rigar da za a sa wa shafin, wato shiryayyen fasalinsa, da ƙananan manhajojin da za a liƙa masa, waɗanda ake kira filogin, na kyauta ne ko na kuɗi? In na kuɗi ne, lasisin da sunan wa? Wasu sukan sauko da na sata daga intanet don su rage farashi su ci kwangila. Irin waɗannan ba sa samun sabuntawa, sau da yawa kuma an dasa musu ƙofar baya. Wata shida sai ka ga shafinka yana tura mutane wani wuri, ko Google ya sa masa jan gargaɗi. Araha ba ta ado. Gara na kyauta na halal daga rumbun WordPress da na kuɗi na sata.

Abin da kai za ka kawo

Jinkirin yawancin ayyuka daga mai shafi yake, saboda injiniya bai san kasuwancinka ba, ba zai iya ƙirƙiro bayaninsa ba. Idan ka bar masa, zai kwaso kalmomi masu daɗi da ba su faɗi komai ba. Rubuta abin da mai saye yake tambayarka kullum. Turmin yadi shida ne? Shaddar ana yanka yadi biyar ko sai bandir? Tana zuba a wanki? Kuna aikawa Kaduna da Jos, ta wace tasha, kwana nawa, wa ke biyan kuɗin mota? In kaya bai yi ba ana mayarwa? Kwatancen shago a yi shi yadda ake yi wa mai adaidaita sahu: sunan gida, hawa na nawa, lambar shago, kusa da me.

Hoto shi ne ke sayar da yadi, shi ne kuma ke jawo faɗa. Fitilar shago tana juya launi; shuɗi mai duhu ya fito kamar baƙi, ruwan madara ya koma rawaya, shadda kuma ƙyallinta ya haske zanen gaba ɗaya. Ka fitar da kayan waje da safe, a inuwa, a shimfiɗa a kan farin ƙyalle, a kashe filashin waya, a goge gilashin kyamara. Kowane kaya hoto uku: ɗaya gaba ɗayansa, ɗaya daga kusa yadda za a ga saƙar, ɗaya da gefen da tambari yake. Kada ka tura wa injiniya ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi ya rage masa kyau. Ka tura a matsayin fayil, ko ka ba shi a filas.

Aikin injiniya ne ya rage musu nauyi kafin ya ɗora. Hoton waya yakan kai megabait 4. Ashirin a fuska ɗaya megabait 80 ke nan, wanda zai cinye datar mai saye kuma ya gaji da jira ya fita. Idan aka rage faɗinsa zuwa fiksel 1200 aka mayar da shi tsarin WebP, zai dawo wajen kilobait 150, ashirin ɗin su zama megabait 3, ido kuma ba zai ga bambanci a waya ba. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke fuskar ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi, kuma kana iya gwadawa da kanka kyauta a shafinsu na auna sauri mai suna PageSpeed Insights. Ka ƙi bidiyon da ke tashi da kansa da hotuna masu zamewa a saman shafi. Suna burge mai shafi a kwamfutar ofis, suna wahalar da mai Itel ko Tecno a Kurna ko Rijiyar Lemo lokacin da sabis ya yi ƙasa.

Idan da Hausa za a rubuta, kuma ya kamata a yi in masu sayenka Hausawa ne, akwai abin lura. Ba kowane salon haruffa ne yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Idan aka zaɓi wanda ba shi da su, ko dai su fito kamar ƙananan akwatuna, ko waya ta aro su daga wani salon su tsaya a karkace a tsakiyar kalma. Alamar naira ₦ ma takan gamu da haka. Ka ce injiniya ya rubuta "Ɗan ƙaramin ɓawo ₦500" da manya da ƙananan baƙi a salon da ya zaɓa, ya nuna maka a wayarka kafin a ci gaba. Noto Sans da Andika suna da su cikakku. A ajiye rubutun a tsarin UTF-8, wanda ke ɗaukar waɗannan haruffa, a kuma shaida wa burauza cewa harshen fuskar Hausa ne. Idan harshe biyu ne, kowanne ya sami adireshinsa, da filogin irin su Polylang, kuma mutum ya rubuta Hausar. Fassarar na'ura da ba a duba ba tana zubar da mutuncin shago fiye da rashin Hausar gaba ɗaya. A gwada akwatin bincike na cikin shafin ma: mutane "kofa" suke rubutawa ba "ƙofa" ba, ya kamata duka biyun su kawo kayan.

Karɓar kuɗi

Maɓallin WhatsApp abu ne mai sauƙi, amma ana kuskurensa. Adireshin wa.me ne, sai lambar ta fara da 234, a cire sifilin farko, babu alamar tarawa, babu tazara. A sa shi ya zo da sunan kayan a rubuce, don kada a yi ta "wanne kike nufi, Hajiya?"

Cikakken shago a WordPress yawanci da filogin ɗin WooCommerce ake yin sa, a haɗa shi da kamfanin karɓar kuɗi irin su Paystack, Flutterwave ko Monnify. Asusun nan ma naka ne, da takardun rajistarka ta CAC da asusun bankin kasuwancinka, ba na injiniya ba ko da na kwana ɗaya. Suna cire la'adarsu a kowane ciniki. Tsarin da Paystack ta daɗe a kai a cinikin cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin ₦100, ba ya wuce ₦2,000. Wato a kayan ₦10,000 za a cire ₦250, kuɗin kuma ya shigo bankinka ranar aiki ta gaba. Duba farashin ranar da za ka buɗe, ka sa shi cikin lissafin ribarka. Ka tambayi injiniya ko shafin yana tabbatar da biya daga kamfanin kai tsaye kafin ya rubuta "an biya". Amfanin tsarin ke nan, ya raba ka da alat na bogi da hoton rasit da aka gyara.

Matsalar da ba ta na'ura ba ita ce turmi ɗaya da ya rage, an sayar da shi a shago da hantsi, wata kuma ta biya kuɗinsa a shafi da azahar. Sai an sa mutum ɗaya wanda aikinsa ne ya rage adadi duk lokacin da kaya ya fita, ko a ware kayan shafi a kanta daban.

Da zarar ka fara karɓar sunaye da lambobi da adireshin mutane, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kanka, hukumar NDPC ce kuma ke sa ido a kanta. Kada ka nemi abin da ba ka buƙata, a sa fuska guda mai bayyana abin da kake karɓa da abin da kake yi da shi. Makarantu da asibitoci su fi kowa kiyayewa, domin bayanan yara da na marasa lafiya ne a hannunsu.

Ranar karɓar aiki

Kada ka karɓi aiki a kwamfutar injiniya. Ka samo wayoyi uku, ɗaya tsohuwa mai ƙaramar fuska, ka gwada da layin MTN da Airtel da Glo, a Chrome da Opera Mini. Danna kowane maɓalli. Cike fom ɗin tuntuɓa ka ga ko saƙon ya iso, ka duba har akwatin tarkace. In can yake faɗawa, mai yiwuwa ba a saita bayanan SPF da DKIM na sunan ba, wato bayanan da ke shaida cewa imel ɗin da gaske daga sunanka ya fito, kuma gyaran na 'yan mintuna ne. Sayi abu mafi araha da katinka na gaske, ka jira kuɗin ya shigo banki. Sannan ka miƙa wayar ga wanda bai taɓa ganin shafin ba, ka ce ya nemo lambar shago, ka yi shiru kana kallo. Inda ya tsaya yana lalube, nan ne za a gyara.

Akwai wani ɗan akwati a sashen saitin karatu na WordPress da ake dannawa lokacin gini don hana Google ganin aikin da bai ƙare ba. Sau da yawa akan manta a cire alamar, shafi ya yi watanni ba ya fitowa a bincike. Ka ce a nuna maka an cire. A yi rajistar shafin da asusunka a Google Search Console, inda za ka ga yadda yake fitowa a bincike, a kuma sa shagon a taswira ta Google Business Profile.

Kafin ka tura ciko, ka karɓi mabuɗan nan a rubuce, ka shiga kowanne da hannunka a gabansa: asusun suna, asusun masauki, babban matsayin shugaba a cikin WordPress, imel ɗin kamfani, asusun karɓar kuɗi, da cikakken kwafin shafin. Sauya kalmomin sirri, kunna tabbaci mai mataki biyu. Injiniya ya riƙe nasa asusun daban wanda za ka iya rufewa, yaron shago kuma a ba shi matsayin da zai ɗora kaya kawai, ba zai iya goge komai ba. Kada sunan shiga ya zama "admin", shi ɓarayi ke fara gwadawa. Ya zauna awa biyu ya koya muku sauya farashi da ɗora hoto, ku ɗauki darasin a bidiyo.

Shafi yana son kulawa kamar janareta. WordPress da filogin ɗinta suna fitar da gyare-gyaren tsaro akai-akai, wanda aka bari ba sabuntawa shi ake fasawa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku yi yarjejeniyar kulawa ta wata-wata ko ta shekara, a faɗi abin da ta ƙunsa da awa nawa zai ɗauka ya amsa in shafi ya faɗi. Kwafin ajiya ya haɗa abu biyu, fayiloli da rumbun bayanai, domin ɗaya ba ya tashi sai da ɗayan. Shago a riƙa ɗaukar nasa kullum, shafin gabatarwa duk mako, a ajiye a wajen masaukin, misali a Google Drive ɗinka ta hanyar filogin ɗin UpdraftPlus. A watan farko ka sa injiniya ya ɗauki kwafi ɗaya ya tayar da shafin daga cikinsa a wani wurin gwaji kana gani, a maimaita haka duk bayan wata shida.